Daren da GitLab ya goge rumbun bayanansa da hannunsa

Da misalin ƙarfe 11:30 na daren 31 ga Janairun 2017, agogon GMT, wani injiniyan kamfanin GitLab ya buga umarnin goge folda a kan wata saba, wato ɗaya daga cikin manyan kwamfutocin da ke riƙe da rumbun bayanan shafin GitLab.com, inda masu rubuta manhaja suke ajiye ayyukansu. A zatonsa yana kan sabar ko-ta-kwana ce, wadda dama aka shirya share ta a sake cika ta. Ashe babbar sabar ce, wadda duk masu amfani da shafin suka dogara da ita. Yana ankara ya tsayar da umarnin, amma kafin nan bayanai kusan gigabait 300 sun tafi, abin da ya rage bai wuce gigabait huɗu da rabi ba. Shafin ya yi kusan awa 18 a rufe. Da ya dawo kuma, abin da mutane suka shigar cikin awa shida da wani abu ya salwanta: ayyuka kusan 5,000, sharhi kusan 5,000, da sababbin asusu kusan 700.

In aka ba da labarin a dunƙule haka, sai a ce ganganci ne na mutum ɗaya. Ni ban karɓi wannan fahimtar ba, kamfanin ma bai karɓe ta ba a dogon bayanin da ya wallafa ranar 10 ga Fabrairun shekarar. Babu aikin da hannu ba ya kuskure a cikinsa. Tambayar ita ce yadda aka yi kuskuren ɗan lokaci ya zama asarar awa shida a wurin da yake da hanyoyin kariya har biyar a rubuce. Duk matsalar da aka ci karo da ita a wannan dare, irin wadda mai kula da manhajar rumbun bayanai kamar PostgreSQL ko MySQL ko SQL Server yake gamuwa da ita ce yau da gobe. Bambancin kawai, a nan sun taru a dare ɗaya, kuma kamfanin ya bayyana komai a fili har da lokacin da kowane abu ya faru.

Abin da sabar take riƙe da shi

Tsarin ajiye bayanai a teburori masu alaƙa da juna ya samo asali ne daga takardar da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fitar a 1970. Kowane irin bayani da teburinsa, kowane layi a tebur da lambarsa, tebur kuma yana nuni zuwa wani ta hanyar wannan lambar. A GitLab akwai teburin masu asusu, na ayyuka, na sharhi, da sauransu. Sharhi ɗaya yana ɗauke da lambar wanda ya rubuta shi da lambar aikin da aka rubuta shi a kai. Ainihin rubutun manhajojin da mutane suke ajiyewa a shafin ba a cikin rumbun yake ba, a wani wuri daban ake ajiye shi, shi ya sa bai ɓace ba. Rumbun da kamfanin yake amfani da shi PostgreSQL ne, wanda ya taso daga aikin da Michael Stonebraker ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 1986, ya kuma ɗauki sunansa na yanzu a 1996.

Alkawarin da irin wannan rumbu yake yi guda biyu ne suka fi nauyi. Na ɗaya, ma'amala ko dai ta kammalu gaba ɗaya ko kada ta faru ko kaɗan: ba za a cire kuɗi daga asusu ɗaya a kasa saka su a ɗayan ba. Na biyu, da zarar ya ce ya karɓa, ko a wannan daƙiƙar aka ɗauke wuta, abin ba zai ɓace ba. Yadda yake cika alkawarin shi ne mabuɗin fahimtar daren GitLab. Kafin ya taɓa teburin da ke kan faifai, sai ya fara rubuta canjin a wani kundi mai suna WAL, yana bin juna layi bayan layi. Kamar ɗan kasuwa mai sito ne da ba ya komawa sito duk lokacin da aka sayi buhu. Yana rubutawa a littafi nan take, sai lokaci-lokaci ya shiga ya daidaita kayan da abin da littafin ya ce. In wani abu ya katse shi, littafin ne zai gaya masa inda ya tsaya. Wannan shiga a daidaita, a rumbun bayanai, zango ne da ake yi akai-akai, kuma da zarar an yi shi, tsofaffin shafukan kundin sun gama amfani a wajen babbar saba, sai ta share su ko ta sake rubutu a kansu don kada faifai ya cika.

Sabar ko-ta-kwana da wannan kundin take rayuwa. Babbar saba tana turo mata shafukansa, ita kuma tana maimaita kowane canji a nata faifan, ta yadda in babbar ta mutu za a ɗora ta a gurbinta. GitLab yana da guda biyu ne a lokacin, db1 babba, db2 ko-ta-kwana.

Nauyi ya fara hawa

Wajen ƙarfe 7 na yamma nauyi ya fara yi wa rumbun yawa. An zargi masu turo tarkacen saƙonni, kuma lalle suna nan: an gano wani asusu guda da ake shiga da shi daga adireshin intanet kusan 47,000. Daga baya ne aka fahimci akwai wani dalilin daga cikin gida. Wani ya kai ƙarar asusun wani ma'aikacin kamfanin da sunan yana ɓarna, tsarin kuma ya sa asusun a layin gogewa bisa kuskure. Goge mutumin da ya daɗe yana aiki a shafi ba goge layi ɗaya ba ne. Lambarsa tana cikin teburori da yawa, kowane sai an bi an cire, kowace cirewa tana kulle layuka tana kuma ƙara shafuka a kundin WAL.

A nan ne aikin gano cuta yake farawa, kuma a nan ne ake bambance wanda ya iya da wanda yake lalube. Kalmar da mai ƙorafi yake zuwa da ita ɗaya ce: shafi ya yi nauyi. Amma abin da ke jawo nauyin ya kasu. Wataƙila tambaya ce da ba ta da fihirisa, wato jerin da ke nuna inda kowane layi yake, rumbun yana karanta layuka miliyoyi don ya nemo goma. Wataƙila wata ma'amala ce ta kulle layi ta ƙi saki, saura sun yi jerin gwano a bayanta, na'urar kuwa ba ta aikin komai sai jira. Wataƙila faifai ne ya kai iyakar saurinsa. Maganin kowanne daban, wani ma in aka ba shi maganin ɗan'uwansa ƙaruwa yake yi. Shi ya sa wurin farko da ake leƙawa a PostgreSQL shi ne pg_stat_activity, inda kowace haɗuwa da rumbun take bayyana: wa ya buɗe ta, wace tambaya take gudanarwa, tun yaushe, me take jira. A MySQL umarnin SHOW PROCESSLIST ne yake ba da makamancin wannan, tare da kundin tambayoyin da suka daɗe. In an kama tambayar da ake zargi, sai a sa mata EXPLAIN a ga hanyar da rumbun ya zaɓa wajen amsa ta. Mafi cutarwa a gani na ita ce ma'amalar da manhaja ta buɗe ta manta ba ta rufe ba. Ba ta cin komai a ido, amma tana riƙe da kulle, tana kuma hana rumbun kwashe tsofaffin layukan da suka mutu.

Abin da ran mutum yake raya masa a irin wannan yanayi shi ne ya kashe ya kunna. Sau da yawa hakan yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma yana tafiya da shaidar da za ta nuna musabbabin, sannan rumbun ya tashi da ƙwaƙwalwa wayam, sai ya sake ɗebo komai daga faifai a daidai lokacin da jama'a suka fi matsa masa.

Wajen ƙarfe 11 na dare, db2 ta kasa bin sawu. Rubutu ya yi yawa, ta yi baya, har babbar saba ta share shafukan kundin da ita ba ta riga ta karɓa ba. Daga nan ba ta da hanyar cim ma 'yar'uwarta, domin ba a tsallake shafi a WAL. Akwai hanyoyi biyu sanannu na hana wannan. Ɗaya ita ce a riƙa kwafe kowane shafi da ya cika zuwa wata ma'ajiya ta daban kafin a share shi, kuma GitLab ba ya yin haka a lokacin. Ɗayar, wadda ta zo da PostgreSQL 9.4, ita ce a buɗe wa ko-ta-kwana gurbi na musamman da zai hana babbar share duk shafin da ba a karɓa ba. Ita ma da nata haɗarin: in ko-ta-kwana ta mutu ba a lura ba, shafuka za su yi ta taruwa har faifan babbar ya cika, rumbun ya tsaya cak. Sai a sigar 13 aka samar da hanyar sa wa wannan taruwa iyaka. Mai kula da saba da ya tarar faifai ya cika da fayilolin kundin nan kada ya kuskura ya goge su da hannu. An yi ta yin haka har masu PostgreSQL suka sauya wa foldar suna daga pg_xlog zuwa pg_wal a siga ta 10, saboda mutane suna ɗaukarta tarin rahotannin da babu laifi a zubar.

Gogewa biyu

Mafitar da ta rage ita ce a share bayanan db2 a sake kwafo komai daga db1 da manhajar pg_basebackup. Haka aka yi, aka share foldar db2. A wurina wannan gogewar ta farko, wadda aka yi da gangan kuma bisa ƙa'ida, ita ce inda haɗarin ya fara. Db2 ta yi baya, gaskiya ne, amma da ɗan kaɗan ta yi. Tana ɗauke da kusan komai na ranar. Da aka share ta, sai ya zama kwafi ɗaya tak na bayanan ranar ya rage a duniya, kuma a kansa ne mutanen da suka gaji suke ta buga umarni da tsakar dare. Da an sauya wa foldar suna an ajiye ta gefe, in akwai wuri a faifan, ko da an fara ɗaukar hoton faifan db1, wato kwafinsa yadda yake a wannan lokacin, kafin a taɓa komai, da asarar ba ta kai ta awa shida ba. Duk wanda zai lalata kwafi ɗaya ya fara ƙirga saura nawa, ya kuma tabbatar da idonsa cewa suna nan.

Aka kunna pg_basebackup, sai ta yi shiru. Ba ta ce ta fara ba, ba ta ce ta kasa ba. Bayan an sake gwadawa ta yi ƙorafin cewa babbar saba ba ta da isassun hanyoyin turo kundin. Aka ɗaga adadinsu daga 3 zuwa 32, wanda ke buƙatar a sake kunna rumbun. Rumbun ya ƙi tashi, yana cewa abin da yake nema daga tsarin na'urar ya wuce abin da aka ba shi. Da aka bincika sai aka ga an sa iyakar haɗuwa da rumbun a 8,000, kuma ta kusa shekara a haka ba ta ba da matsala ba. PostgreSQL da 100 yake zuwa, domin kowace haɗuwa aiki ne mai zaman kansa da ke cin ƙwaƙwalwa. Wanda yake da masu shigowa da yawa yakan sa manhaja irin PgBouncer a gaba ta riƙa raba musu 'yan haɗuwa kaɗan. Aka rage zuwa 2,000, rumbun ya tashi. Pg_basebackup kuwa ta ci gaba da shirunta.

Shirun nan ba lalacewa ba ce. Haka manhajar take: tana jiran babbar saba ta kai zangon daidaitawa kafin a fara kwafa, kuma in ba a ce a gaggauta ba, rumbun yana shimfiɗa zangon a hankali don kada ya danne sauran aiki, abin da kan ɗauki mintuna. Wani injiniyan kamfanin ya san haka, amma ba ya nan a lokacin, kuma ba a rubuta shi a takardar matakan aiki ba. Wanda yake kan aikin sai ya yi tunanin ko yunƙurin baya sun bar wasu fayiloli a foldar db2 da suke hana ta farawa. Tunani ne mai ma'ana. Ya buga umarnin share foldar, a tagar da take haɗe da db1.

Kariya biyar

Nan aka koma neman kwafin ajiya, kuma nan ne ya kamata duk mai riƙe da bayanan mutane ya tsaya ya karanta da kyau.

Ta farko ita ce pg_dump, wadda aka tsara ta riƙa fitar da kwafin rumbun kowace awa 24 tana aikawa ma'ajiyar S3 ta Amazon. Da aka buɗe ma'ajiyar, babu komai a ciki. Dalilin ƙarami ne ƙwarai. Rumbun yana kan siga 9.6, amma pg_dump ɗin da take gudana ta siga 9.2 ce, kuma tsohuwar pg_dump ba ta yarda ta kwafi rumbun da sigarsa ta fi tata sabunta, sai ta tsaya da kuskure. Kunshin manhajar GitLab yana ɗauke da sigogin biyu, yana zaɓar wadda ta dace ta hanyar duba wani fayil a foldar rumbun. Amma aikin kwafin a kan wata saba yake gudana da babu wannan foldar, don haka ya faɗa kan tsohuwar. Kowace rana yana kasawa.

Ba a kuma bar shi ba mai faɗakarwa ba. An tsara cewa in ya kasa zai aika imel, kuma yana aikawa. Sai dai saƙonnin ba su cika sharaɗin tantance mai aikawa na DMARC ba, sabar da ke karɓar imel tana mayar da su, ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai cikin labarin gaba ɗaya. Tsarin faɗakarwar da aka gina a kan cewa in an ji shiru lafiya ce, yana faɗin abu ɗaya ko komai na tafiya daidai ko komai ya rushe har da shi kansa. Ingantaccen tsari juya abin yake yi: kwafin ne zai riƙa shaida cewa ya kammalu, da girmansa da lokacinsa, wani abu daban kuma ya yi ƙara in awa 24 ta wuce shaidar ba ta zo ba, ko in kwafin da ya saba kai gigabait da yawa ya dawo 'yan bait.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani. Ɗaukar hoton faifai na Azure, dandalin hayar sabobi na Microsoft inda sabobin suke zaune a lokacin, an kunna shi ga sabobin fayiloli amma ba a kunna ga na rumbun ba, bisa zaton sauran hanyoyin sun wadatar. Ko-ta-kwana an share ta. Hoton faifai na LVM da ake ɗauka kullum don ciyar da sabar gwaji ya kusa kwana guda da ɗauka. Abin da ya ceci kamfanin shi ne wani hoton da injiniya ya ɗauka da hannu da ƙarfe 5:20 na yamma, ba don kariya ba, don yana so ya gwada wani tsarin raba nauyi a sabar gwaji da sabbin bayanai.

Da kamfanin ya tambayi kansa me ya sa ba a gwada dawo da kwafin ajiya lokaci-lokaci, amsar da ya rubuta ita ce babu wanda aka ɗora wa alhakin. Kowa ya san akwai kwafi, kowa ya ɗauka wani yana dubawa.

Dawo da bayanan ma ya zo da nasa darasin. Hoton yana kan sabar gwaji, wadda aka ɗora a kan faifai masu araha da gudunsu bai wuce megabit 60 a daƙiƙa ba, don haka kwafowa kawai ta cinye kusan awa 18. Tambayoyi biyu ne ake yi wa kowane tsarin ajiya: na awa nawa za mu iya jure asara, kuma awa nawa za mu iya zama a rufe. Yawancin mutane ta farko kawai suke tunani, ta biyun kuwa ba a sanin amsarta sai an gwada da agogo a hannu. Akwai kuma gyare-gyaren da sai mai kula ya tuna. Kwafin gwaji ana cire masa adireshin da shafin ke aika sanarwa ta atomatik zuwa manhajojin abokan hulɗa, don kada gwaji ya riƙa tura saƙo ga mutanen gaske, saboda haka sai da aka dawo da waɗannan daban. An kuma tura ma'aunin lambobin kowane tebur gaba da 100,000, domin kada sabon aiki ya ɗauki lambar wanda ya ɓace, tsohon adireshi ya kai mutum ga abin da ba nasa ba. Duk wannan a bainar jama'a aka yi shi, ana nuna aikin kai-tsaye a YouTube, shugaban kamfanin na lokacin Sid Sijbrandij kuma ya ba da haƙuri da sunansa. Wajen ƙarfe 6 na yammacin 1 ga Fabrairu aka kammala.

Ko-ta-kwana ba ajiya ba ce

Akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu har a tsakanin masu aikin, cewa wanda yake da saba biyu yana da kwafin ajiya. Ko-ta-kwana tana kare ka ne daga mutuwar na'ura. Ba ta kare ka daga umarnin da bai kamata ba. In wani ya goge tebur da SQL, harshen ba rumbu umarni, ko ya manta sharaɗin WHERE mai iyakance layukan da za a taɓa ya sauya duk layukan tebur, canjin zai shiga kundin WAL kamar kowane canji, ko-ta-kwana ta maimaita shi cikin ƙiftawar ido. Abin da yake maganin wannan shi ne cikakken kwafi haɗe da duk shafukan kundin da suka biyo bayansa, a ajiye a wani wuri. Da su ne ake iya cewa rumbu ya koma yadda yake da ƙarfe kaza da minti kaza, daf da ɓarnar. Manhajoji irin pgBackRest da Barman da WAL-G aikinsu ke nan, a MySQL kuma kundin binlog ne yake ba da wannan damar.

Miƙa mulki ga ko-ta-kwana ta atomatik ma ba ya rasa nasa tarkon. A 21 ga Oktoban 2018 hanyar sadarwa tsakanin cibiyoyin GitHub, wani shafi irin GitLab, a Amurka ta katse na daƙiƙa 43 kacal. Manhajar da ke kula da sabobin MySQL ɗinsu ta ɗora na gaɓar yamma a matsayin manya, alhali na gaɓar gabas suna ɗauke da wasu rubuce-rubucen da ba su ƙetara ba. Sai aka wayi gari kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ba shi da shi. Kamfanin ya zaɓi kare bayanai a kan saurin dawowa, aikin ya ɗauki awa 24 da minti 11.

Wata cutar mai shiru irin ta kwafin GitLab ita ce ƙarewar lambobin ma'amala. PostgreSQL yana ba kowace ma'amala mai rubutu lamba, kuma tazarar da yake iya bambancewa kusan biliyan 2 ce. Aikin shara na cikin rumbun, autovacuum, shi ke bin tsofaffin layuka yana musu alamar da za ta sa lambobin su iya zagayowa. In wani abu ya hana shi aiki na dogon lokaci, kamar ma'amalar nan da aka bari a buɗe, rumbun zai yi ta gargaɗi a rahotanninsa, daga ƙarshe ya daina karɓar rubutu don ya kare kansa. Ya faru da kamfanin Sentry a Yulin 2015, ya faru da Mandrill na kamfanin Mailchimp a Fabrairun 2019. Tambaya ɗaya gajeriya tana nuna shekarun mafi tsufan lamba a rumbu, ga wanda ya sa ta cikin abin da yake dubawa.

Wannan duka ba na manyan kamfanoni kaɗai ba ne. A makarantu da asibitoci da ƙananan kamfanoninmu, sau da yawa rumbun da ke riƙe da sakamakon ɗalibai ko tarihin marasa lafiya yana kan kwamfuta ɗaya ce a wani ofis, kwafinsa kuma, in akwai, yana kan faifan da rumbun yake. Ga ɗauke wuta, wadda a wajenmu ba abin mamaki ba ce. Rumbun yana iya tashi lafiya bayan yankewar wuta ne kawai in kundinsa ya sauka kan faifai da gaske kafin ya ce ya karɓa. Wanda ya kashe fsync, wato saitin da ke tabbatar da wannan saukar, don neman sauri, ko ya ɗora rumbu a kan faifan da yake cewa ya rubuta alhali abin yana cikin ƙwaƙwalwarsa ta wucin gadi, ya cire wannan garkuwar. Inbata ko UPS yana taimakawa, amma sai an haɗa shi da sabar ta yadda za ta kashe kanta cikin tsari kafin batir ya ƙare.

Gyaran da GitLab ya lissafa bayan abin ba su da wani ƙyalƙyali. A sauya alamar da ke gaban wurin buga umarni ta yadda mutum zai ga a kan wace saba yake, ta gaske ce ko ta gwaji. A sa manhajar sa ido ta Prometheus ta riƙa lura da kwafin ajiya. A riƙa ɗaukar hoton faifai kowace awa. A fara ajiye shafukan WAL. A samar da gwajin dawo da kwafi na atomatik, wanda zai ɗauko kwafin ya tayar da rumbu da shi ya tabbatar yana aiki. A rubuta halin pg_basebackup a takardar matakan aiki. A kuma naɗa mutum guda da tsaron bayanai yake wuyansa, mai ikon dakatar da duk aikin da zai sa su cikin haɗari. Injiniyan da ya buga umarnin ba a mayar da shi abin zargi ba, kuma ina ganin daidai aka yi: wurin da ake hukunta mai kuskure, mutane suna koyon ɓoye kuskure ne, sai a rasa irin bayanin dalla-dalla da ya sa aka gano imel ɗin da ba ya isa.

Daga baya kamfanin ya ƙara wata ko-ta-kwana da aka jinkirta da gangan. Tana karɓar kundin amma ba ta aiwatar da canji sai ya yi awa 8, abin da PostgreSQL ya ba da dama tun siga 9.4. A farkon 2019 suka ba da labarin ranar da ta yi amfani: an goge wata alamar rarraba aiki bisa kuskure a ɗaya daga cikin manyan ayyukansu, alaƙarta da ɗimbin batutuwa ta tafi tare da ita. Suka dakatar da sabar da aka jinkirta, suka tura ta gaba har daf da lokacin gogewar, suka kwafo layukan da suka ɓace suka mayar da su babbar saba, ba tare da an rufe shafin ko an dawo da rumbun gaba ɗaya ba.